Shekara Biyu Ina Shirin Fara Sayar Da Turaren Wuta, Tunani Ya Hana Ni

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku. Shekara biyu ke nan da na koyi haɗa turaren wuta da humra a wurin wata maƙwabciyarmu 'yar Maiduguri, kuma duk wadda ta shigo ɗakina sai ta tambayi ƙamshin. Na tara naira 150,000 ta hanyar adashe don in fara sayarwa, maigidana ma ya amince. Amma duk sanda na yunƙura sai tunani ya taso mini: wane suna zan sa, wace irin kwalba, nawa zan sayar, in aka kushe fa, in NAFDAC ta kama ni fa, ga masu sayarwa sun cika gari. Na cika littafi guda da tsare-tsare, wani daren ko barci ba na yi. Kuɗin ma na fara taɓawa. Don Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya zuri'a, Ya sa albarka a abin da kika koya.

Matan da ke zuwa wurina neman shawara a kan sana'ar hannu, kukansu ba ya wuce ɗaya cikin uku: ko dai ba su iya ba tukuna, ko babu jari, ko kuma maigida ya ce a'a. Ke kuwa duka ukun Allah Ya warware miki. Hannunki ya faɗa, kuɗi na ajiye, mai gidan ya sa albarka. Saboda haka tambayarki ba ta yadda ake haɗa turare ba ce, ba kuma ta inda za a samo jari ba. Kina tambayar yadda za ki daina saƙa da warwara ki ɗora tukunya a wuta. Wannan zan amsa miki, gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan sana'a, ina kuma koya wa mata ita a gidana.

Tambayoyinki ba iri ɗaya ba ne

Ki ɗauko littafin nan da kika cika, ki sake duba abin da ke ciki. Za ki tarar tambayoyin da ke hana ki barci sun kasu biyu, kin haɗe su ne wuri ɗaya har suka zame miki dutse.

Akwai waɗanda amsarsu tana hannun wani mutum yau ɗin nan. Nawa ne kuɗin itacen sandal, nawa ake sayar da dozin ɗin kwalba, me hukuma take bukata, nawa direba zai karɓa ya kai saƙo Kaduna ko Kano. Waɗannan ba a tunaninsu, tambayarsu ake yi. Yini ɗaya a kasuwar Sabon Gari da kiran waya biyu ko uku sun isa su kashe su gaba ɗaya.

Sai kashi na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya ɗaure ki. Shin za a saya? Wane ƙamshi mata za su fi so? Farashina ya yi tsada ko ya yi araha? Wadda ta saya za ta dawo? Ƙanwata, waɗannan tambayoyi babu amsarsu a cikin kanki, babu ita a kaina, babu ita a wurin malamar da ta koya miki. Amsarsu tana aljihun matar da za ta buɗe kwalba ta shinshina, sannan ta miƙo kuɗi ko ta mayar da murfi ta ce sai wani jiƙon. Ko shekara goma za ki yi kina juya su a zuci ba za ki matsa ko taku ɗaya ba, domin abin da za a gina amsar da shi bai iso gare ki ba tukuna. Shi ya sa tunanin ba ya ƙarewa. Ba wai ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, kin ba ta aikin da ba nata ba ne. Mai miya ba ta gane gishiri ya ji ta hanyar zama tana nazarin tukunya, sai ta ɗebo ta kai baki.

In kin yarda da wannan, to aikin da ke gabanki ya sauya. Ba neman tabbaci ba ne kafin farawa, domin babu shi. Aikin shi ne ki ƙanƙantar da farawar har ta kai matsayin da ko kin yi kuskure ba zai karya ki ba.

Abin da ke ɓoye a ƙarƙashi

Zan faɗa miki wani abu da wataƙila ba zai yi daɗin ji ba, amma don ina son ki ci gaba ne. A cikin tambayoyi shida da kika jero, guda ɗaya ce ta gaskiya: "in aka kushe fa?" Sauran biyar ɗin rakiya suka yi mata. Na sha ganin haka. Mace za ta ce suna ne ya tsayar da ita, a samo mata suna mai kyau, sai ta ce kwalba. A samo kwalba, sai ta ce hoto. A ɗauki hoto, sai ta ce bari azumi ya wuce. Duk sanda aka ɗauke wani dalili sai wani ya maye gurbinsa, domin tun asali ba su ne matsalar ba.

Yanzu kina cikin daɗi: ke ce wadda ɗakinta ke ƙamshi, kowa na yabo, babu mai kushewa tunda babu wadda ta biya. Ranar da kika sa farashi, ranar kika ba mutane damar su ce bai yi ba. Kuma a al'adarmu abin ya fi nauyi, saboda masu kallon ba baƙi ba ne. Facaloli ne, dangin miji ne, ƙawayen makaranta ne, matan Islamiyya ne. Mace tana tsoron a ce wance ta fara sana'a ta kasa, ko a ce ashe mijinta ba ya wadata ta. Sai ta fake da karin maganar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. To amma wannan magana an yi ta ne don wanda bai iya ba kuma ya ƙi koyo. Ke kin iya. Kuma sana'a ba dandali ba ce da ake shiga sau ɗaya a yanke wa mutum hukunci. Kowane zubi dama ce ta gyara na baya.

Ki tuna kuma cewa abin da kike jin kunyarsa shi ne iyayenmu suka rayu a kai. Matar Bahaushe daga cikin ɗakinta take ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, take daddawa, take kaɗi da saƙa, take ɗinkin hula, da shi take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Babu wadda ta jira tambari kafin ta soya gyaɗar farko. Da mudu ɗaya suke farawa, in ya ƙare a sayo biyu. A addini ma, Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah Ya ƙara mata yarda, da hannunta take jima da ɗinkin fata tana sadaka da abin da ta samu. Kuma ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa.

Akwai kuma wata cuta ta zamani da iyayenmu ba su sani ba. Kina buɗe Instagram ko TikTok ki ga masu turare da shaguna masu walƙiya, kwalabe masu ruwan zinare, kwali mai suna, sai ki auna kanki da su. Abin da kike gani shekararsu ta bakwai ce ko ta goma, ba su nuna miki ranar da suke zuba turare a robar man shafawa da aka wanke ba. Ina ba ki shawara ki rage kallonsu na wata ɗaya, har sai kin sayar da zubinki na farko.

Jiran ma ba kyauta ba ne

Mai yawan tunani yana ɗauka cewa in bai motsa ba bai yi asara ba. A ƙasar nan wannan lissafi ba daidai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekarar, kowa ya ga yadda kaya suka tashi. Sana'arki kuwa ta fi jin jiki, domin yawancin abin da kike haɗawa daga waje yake zuwa. Itacen sandal na Indiya ne ko Ostareliya, mayukan turare da yawa ta Dubai suke biyowa, duk da dala ake sayo su. Kuɗin da ke kwance a akwatinki adadinsa bai canza ba, amma abin da zai iya saya kullum raguwa yake. Ga shi kin ce kin fara taɓawa. Haka kuɗin da ba a ba shi aiki ba yake: yau biki, gobe suna, jibi rashin lafiyar yaro, kafin ki ankara ya tafi, ba turare ba riba, ba ma darasi.

Zubi na farko

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi, kuma shi zan ce ki yi.

Kada ki zuba duka jarin. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki ce wa ranki wannan kuɗin makaranta ne, ko ya dawo ko bai dawo ba na yafe. Sauran ki kai shi inda hannunki ba zai kai da sauƙi ba, ko asusun banki na daban ko hannun wadda kika amince da ita. Da zarar zuciya ta san iyakar abin da za ta iya rasawa, sai ta lafa. Abin da ke firgita ki yanzu asara ce marar iyaka wadda kika zana a ranki.

Sannan ki zaɓi abu ɗaya tak. Ba turaren wuta kala biyar da farar humra da baƙar humra da na tsuguno da na kaya ba. Guda ɗaya, wanda baƙinki suka fi tambaya. Ni da zan zaɓar miki, da turaren wuta zan ce ki fara. Dalilina biyu ne. Humra tana son ta kwanta ta tsumu makonni kafin ƙamshinta ya haɗe, ga aikin gyaran farce, wato ɓawon wata halittar teku da ake sa wa humra, a jiƙa, a kankare, a soya har ƙarninsa ya fita. Wannan tsawon lokaci ƙofa ce da tunani zai sake shigowa ta cikinta. Na biyu, humra a jiki ake shafa ta, kuma abin da ya taɓa fatar mutane nauyinsa ya fi na abin da ake zubawa a kasko. Ki bar ta zuwa zagaye na biyu ko na uku.

Ki yi kwalba ashirin ƙanana. Ƙanana nake nufi, irin waɗanda mace za ta saya ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wadda ba ta san hannunki ba ba za ta zuba kuɗi mai yawa a karon farko ba, amma za ta gwada ƙarama.

Sai ki sa rana, kuma kada ta wuce mako biyu daga yau. Ki faɗa wa mutum ɗaya da kike jin nauyinsa, malamarki 'yar Maiduguri ta fi dacewa. Ki ce mata ranar kaza zan haɗa, ki zo ki tsaya a kaina. Abin da ya fi wannan ƙarfi ma shi ne ki karɓi kuɗin mutum biyu ko uku tun kafin ki haɗa. Matan nan da ke tambayar ƙamshin ɗakinki, ki ce musu za ki yi na sayarwa, mai so ta ba da rabi. Da kuɗin mutane ya shiga hannunki, amana ta hau kanki, kuma na lura mace mai tsoron Allah za ta iya saɓa wa kanta alkawari sau ɗari amma ba za ta iya riƙe kuɗin wata ba.

Ranar haɗi ki rubuta komai da awo: nawa sandal, nawa hawi ko gabgab, nawa kajiji, nawa sukari, wane turare da wane, cokali nawa. Ki sayi ƙaramin sikeli. Turaren ɗaki ana yin sa da ƙiyasi, amma na sayarwa dole wadda ta dawo ta sami irin abin da ta saya a baya. Wannan ne aikin da ya dace da littafinki. Kuma don Allah ki sauke tukunya daga wuta kafin ki zuba turaren ruwa, domin mai sinadarin barasa yana kamawa da wuta nan take. Ki yi a wuri mai iska, yara su yi nesa.

Maganar farashi

Wannan ma lissafi ne, ba abin kwana ana juyi ba. Bari in ba ki misali da alƙaluman da na ɗauko don bayani kawai, ke sai ki sa na gaskiya da kika samo a kasuwa. A ce kayan haɗi sun ci naira 24,000, kwalabe da takardar liƙawa 6,000, gas da kuɗin mota 3,000, sannan ladan aikinki na yini 5,000. Jimla 38,000. In kin raba wa kwalba 20, kowace ta tsaya miki a 1,900. In kin sayar a 2,500, kin haɗa 50,000, ribarki 12,000.

Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Na farko, ladan aikinki ba riba ba ne, kuma dole ya shiga lissafi. Mata da yawa suna mantawa da shi, su yi ta wahala shekara da shekaru suna cewa sana'a ba ta da albarka, alhali su ne suke yi wa mutane aiki kyauta. Na biyu, kafin ki yanka farashin kowane zubi, ki tambayi kuɗin kayan a yau, ba kuɗin da kika saye su ba. In kin sayar bisa tsohon farashi, za ki koma kasuwa ki tarar kuɗin hannunki ba zai sayo abin da kika sayar ba. Wannan ya durƙusar da masu ƙananan sana'a da yawa a 'yan shekarun nan, suna ganin suna cin riba alhali uwar kuɗi suke ci.

In kin sa farashi aka saye duka cikin kwana biyu babu mai neman ragi, ƙila kin yi araha, sai ki ɗan ɗaga. In kowa ya shinshina ya yaba ya ajiye, ƙila kwalbar ta yi girma ko kuɗin ya yi yawa. Kin ga amsar da kika nema shekara biyu za ta zo miki cikin mako guda.

Suna, kwalba da hukuma

Suna: ki sa naki. Turaren Maman wance ya isa. Mutanen da za su saya a farko ke suka sani. Ni kaina na ɓata watanni ina jiran wani mai buga takardu ya kawo mini tambarin da na biya, kullum gobe, ni kuma na ƙi fitar da kaya sai da shi. Da na gaji na rubuta suna da lambar waya da biro a farar takarda na liƙa, kayan suka ƙare, kuma babu mace ɗaya da ta tambaye ni tambari. Abin da suka tambaya shi ne ko ƙamshin yana kama kaya, ko yana daɗewa. Kwalba kuwa sharaɗinta ta zama mai tsabta, mai murfin da ke rufewa gam, ta gilashi in da hali domin ta fi riƙe ƙamshi.

Game da hukuma, ba zan ce miki ki yi watsi da ita ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, kuma abin da ake shafawa a jiki irin su humra da mayuka da sabulu yana ƙarƙashinta. Hukumar CAC ita ke rajistar sunan kasuwanci, kuma a doka wanda ke kasuwanci da ainihin sunansa ba tare da ƙari ba, ba a wajabta masa rajistar suna ba. Akwai kuma SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 don taimaka wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Kin ga wannan yana cikin tambayoyin kashi na farko, masu amsa a hannun wani. Ki je ofishinsu da ke jiharku, ko maigida ya je, a tambayi abin da ya shafi irin kayanki da kuɗin da ake biya a yanzu, domin ƙa'idoji da kuɗaɗen suna canzawa. Ki ji daga bakinsu, kada ki dogara da labarin da ake yaɗawa a WhatsApp. Lallai ki kammala wannan kafin ki fara kai kaya shaguna ko ki fitar da abin shafawa da yawa. Amma ki yi shi a matsayin aikin yini ɗaya da aka sa wa rana, kada ya zama sabuwar inuwar da za ki fake a ciki wata shekarar.

"Masu sayarwa sun cika gari"

Gaskiya ne sun yi yawa. To amma me yawansu yake nunawa? Yana nuna ana saye. Turaren wuta da humra sun zo mana ne ta hannun matan Barno, Kanuri da Shuwa, da 'yan'uwansu na Chadi da Sudan, amma yau da wuya ki ga lefe ko kayan ɗakin amarya a Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato babu su. Kuma kaya ne mai ƙarewa. Wadda ta saya yau za ta sake nema bayan wata ɗaya ko biyu. Ki shiga Kasuwar Kurmi a Kano, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ki ga yadda masu kaya iri ɗaya suke jere kafaɗa da kafaɗa, kowa kuma yana tashi da rabonsa. Ke ba garin Zariya duka kike nema ba. Mata talatin ko arba'in masu dawowa duk wata sun isa su riƙe ƙaramar sana'a. Kuma ƙamshi abu ne na hannu. Ko kayan haɗi ɗaya ne, na wance daban na wance daban.

Inda za ki same su ba nesa ba ne: unguwarku, Islamiyya, gidan biki da suna, wurin aikin ƙannenki, da hoton da za ki ɗora a WhatsApp. Ki ƙulla ɗan kaɗan a leda ki ba mai gyaran jikin amare da mai kitso da mai lalle na unguwarku, domin su ne amare ke tambaya. Ki lura da lokuta kuma: gab da azumi da bayan salla da ƙarshen shekara bukukuwa sun fi yawa.

Sai dai ki kula da yabon dangi. 'Yar'uwarki za ta ce ya yi daɗi don tana son ki. Shaidar da za ki dogara da ita biyu ce: baƙuwar da ta biya, da wadda ta dawo karo na biyu ba tare da kin kira ta ba. Maganar bashi kuma ki yanke ta tun ranar farko, da fara'a amma ba sassauci. Ki ce jarin ƙarami ne, bai kai a ba da bashi ba. In kina son yi wa wata kyauta, ki ba ta a matsayin kyauta ki rubuta, ya fi ki kira shi bashi ki zauna kina jin haushi. In ta waya aka turo kuɗi, ki buɗe asusunki ki gani da idonki kafin kaya su fita, saboda alat na bogi ya yi yawa.

In aka kushe fa?

Za a kushe. Gara in gaya miki tun yanzu. A farkon farawata wata mata ta dawo mini da humra ta ce tana ƙarni, a gaban mutane ta faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka, na kwana ina cewa na daina. Da safe na buɗe kwalbar na shinshina da zuciya ɗaya, sai na ji gaskiyarta: na yi gaggawa, farcen bai gyaru sosai ba, kuma ban bar ta ta tsumu ba. Na mayar mata da kuɗinta, na ba ta haƙuri, na gyara, na aika mata sabuwa. Abin da matar nan ta koya mini a rana ɗaya, masu yabo ba su koya mini shi a shekara ba.

Kushe iri biyu ne. Akwai mai bayani: hayaƙi ya yi yawa, yana ƙauri, ƙamshin ba ya daɗewa. Wannan ki karɓa hannu biyu, domin kusan kullum yana nuna wani abu takamaimai, ko sukari ya ƙone, ko itacen bai sha turare ba, ko man da kika sayo gauraye ne. Akwai kuma marar bayani, na wadda ko me kika yi sai ta taɓe baki. Wannan ba ciniki ya kawo ta ba, ki bar ta da halinta.

Zuciya, da iyakar abin da zan iya

Ki yi istihara, ki yi shawara da mutum biyu da suka san sana'ar, sannan ki rufe ƙofar shawara. Yawan jin ra'ayoyi shi kansa makamashin waswasi ne. Istihara kuma ba jiran mafarki ba ce. Ana yin ta ne sannan a nufi abin, in alheri ne Allah Ya sauƙaƙe, in ba haka ba Ya juyar da mutum. Kin san abin da aka ce wa mai raƙumi, ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Lissafinki da awonki da tambayar hukuma su ne ɗaurin. Abin da ya wuce nan, wa zai saya da nawa za a samu, ba a ɗora miki saninsa ba.

In tunani ya taso da dare, kada ki yi kokawa da shi. Ki rubuta shi a layi ɗaya, ki tambayi kanki: wannan akwai wanda zan tambaya gobe? In akwai, ki rubuta sunansa a gefe. In babu, ki rubuta "sai an sayar", ki rufe littafin, ki yi addu'ar barci.

Ba zan yi miki alkawarin riba ba. Na ga mata masu hannu da suka fara abin bai karɓe su ba, wasu suka koma wata sana'ar suka dace a can. Shawarata ta mai sana'a ce, daga abin da na gani a turare da sabulu da ɗalibaina. Amma maganar rashin barcin nan ta tsaya mini a rai. In a kan turaren kawai yake, ina sa ran zai tafi da zarar kin fara. In kuwa kin lura tunanin ya bazu ko'ina, a kan yara, a kan lafiya, a kan abin da bai faru ba, ga faɗuwar gaba, ga rashin cin abinci, ga kuka ba dalili, kuma ya ɗauki makonni, to wannan ya wuce hurumina. Ki gaya wa maigida ku je asibiti. Damuwa cuta ce da likitoci suka sani kuma ake maganinta, ba raunin imani ba ce, kuma a Zariya kuna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke da sashen da ke duba irin wannan.

Gobe da safe ki shiga gidan malamarki ku sa ranar haɗi, jibi ki je kasuwa da kashi ɗaya cikin huɗun nan. In kwalba ashirin ɗin sun fita, ko ma in wasu sun rage, ki sake rubuto mini ki gaya mini nawa aka saya, mata nawa suka dawo, da abin da mai kushewa ta ce, sai mu zauna a kan zubi na biyu da maganar humra. Ki gaishe mini da yaran.